Karsana Ba Ta Biyan Bashi: Sayen Fili Daga Muhandisin Zuwa Kano

Duk wanda ya shiga karar Wudil ranar Juma'a da kuɗin saniya a aljihu, zaɓi biyu ne a gabansa. Ko ya sayi saniyar tatsa da ɗanta a gefe, ya biya da tsada, gobe da safe a kawo masa ƙwaryar nono. Ko kuwa ya sayi karsana, wadda kuɗinta bai kai na waccan ba, ya ɗaure ta a turke, ya yi ta zuba mata dusa da harawa da kanwa, shekara ta zagayo, wata ta bi bayanta, bai ga ko ludayi ɗaya na nono ba. Ginannen gida saniyar tatsa ce. Ranar da aka miƙa maka makulli, ko dai ka tare ka huta da biyan haya, ko ka zuba 'yan haya su riƙa biyanka. Fili kuwa karsana ce. Yana da daraja, yana kuma girma idan Allah ya yarda, amma ba ya kawo ko kwabo kafin a gina shi, ga shi yana ci.

Mutanenmu idan dillali ya nuna musu fuloti, tambayar farko ita ce nawa ne. Ni a ganina akwai tambayoyin da suka riga wannan: da wane irin kuɗi za a saye shi, kuma wa zai ciyar da shi kafin ya haihu?

Babu inda wannan lissafi ya fito sarari kamar wata unguwa da ke yammacin Kogin Nilu, a ɓangaren Giza na birnin Alƙahira, wadda ake kira Muhandisin, wato unguwar injiniyoyi. 'Yan uwanmu masu zuwa Masar ganin likita ko sarin kaya da yawa sun san ta, don cike take da asibitocin kuɗi da gidajen haya masu kayan ɗaki. Wanda ya tsaya yau a bakin masallacin Mustafa Mahmud, ya dubi titin Jami'atud Duwal da faɗinsa da cunkoson motocinsa, ya ɗaga kai ya ga benaye sun yi sahu har inda ido ya ƙure, da wuya ya yarda cewa a shekarun 1940 gonaki ne a nan. Yawancin ƙasar waƙafi ce, tana hannun Ma'aikatar Waƙafi ta Masar. A 1948 babban mai zanen gine-gine na ma'aikatar, Mahmud Riyad, wanda daga baya ya zana hedikwatar Ƙungiyar Ƙasashen Larabawa, ya fitar da tsarin sabon gari da aka sa wa suna Madinatul Auƙaf. Aka yanka filaye, aka sa su a kasuwa a farkon shekarun 1950.

Ciniki bai yi armashi ba da farko, kuma ba abin mamaki ba ne. Wa zai kwashi kuɗinsa ya kai tsallaken kogi, tsakiyar gonaki? Sai bayan juyin mulkin 1952 aka sake dabara: aka riƙa sayar da ƙasar a dunƙule ga ƙungiyoyin gama kai na ma'aikata, su kuma su yanka wa mambobinsu. Injiniyoyi suka ɗauki nasu yankin, 'yan jarida suka ɗauki nasu, haka malaman makaranta da hafsoshi. Har yau akwai ɓangaren da ake kira Sahafiyyin, na 'yan jarida, da Mu'allimin, na malamai. Sunan injiniyoyin ne dai ya rinjayi sauran har ya danne sunan asali.

A duba yadda aka sayi wannan karsana. Mai sayarwa ma'aikatar gwamnati ce, ba wani magaji ba da ke gaggawar a raba gado kafin azumi. Masu saye sun zo a ƙungiyance, don haka ba mutum ɗaya ke ciniki ba, ba kuma mutum ɗaya ke bin takardu ofis-ofis ba. Sannan an riga an zana tituna da shataletale kafin a aza bulo ɗaya, ma'ana an san wanda zai kawo hanya da ruwa da wuta. Ɗan albashi ya samu fili a farashin da hannunsa zai kai, ya gina ɗan gida hawa ɗaya ko biyu da lambu a gaba. Karsanar ta shiga garke mai makiyayi tun ranar farko, ba a ɗaure ta ita kaɗai a bakin daji ba.

Haihuwar da ta yi kuwa, ko masu ita ba su zata ba. A 1973 farashin man fetur ya tashi, a 1974 Anwar Sadat ya buɗe ƙofar kasuwanci da tsarinsa na Infitah, Misrawa suka yi ta kwarara Saudiyya da Kuwaiti da Libiya da Iraƙi neman aiki. Kuɗin da suka turo gida, kaso mai yawa ƙasa da gini ya shiga. Gadar 6 ga Oktoba, wadda aka fara a 1969 aka yi ta ƙara mata tsawo har 1996, ta matso da tsallaken kogi kusa da tsakiyar gari. Sai ya zama ƙasar da ke ƙarƙashin gidan injiniya ta fi gidan kansa tsada nesa ba kusa ba. Aka shiga rushe ƙananan gidajen ana tayar da benaye.

Yadda aka yi wannan sauyi shi ya fi ɗaukar hankalina, domin tsari ne da duk matar ƙauye ta san irinsa. Mai akuya ko saniya da ba ta da halin ciyarwa sai ta ba da kiwo: wata ta riƙe dabbar, ta ci da ita, idan ta haihu a raba 'ya'ya bisa yadda aka yi yarjejeniya, uwar kuma tana nan ta mai ita. Misrawa suna yin haka da fili, suna ce masa musharaka. Mai fili ba shi da kuɗin gina bene hawa goma, ɗan kwangila kuma ba ya son ya daskarar da jarinsa wajen sayen ƙasa. Sai wannan ya kawo fili, wancan ya kawo siminti da rodi da ma'aikata, idan an gama a raba gidajen da ke cikin benen. Babu wanda ya ci bashin sayen fili. Ɗan kwangila ma sau da yawa da kuɗin masu sayen gidajen yake gini, don tun ana harsashi yake karɓar kafin alƙalami. Ba zan ce unguwar ta ƙara kyau ba. Titunan da aka zana don gidaje masu lambu yanzu suna ɗauke da motocin benaye, neman wurin ajiye mota a titin Shihab ko titin Suriya da yamma kuwa sai mai haƙuri. Amma ta fuskar lissafi, iyalan da suka riƙe ƙasarsu sun ci riba ninkin-ba-ninkin.

Yau a Muhandisin kangon fili sai an tona. Mai neman wurin gini a can, tsohon gida yake saye ya rushe.

Tarihin bai cika ba sai an tsallaka layin dogo. Titin Sudan shi ne iyakar unguwar ta yamma, bayansa jirgin ƙasa mai zuwa kudancin Masar ke wucewa, bayan layin kuma ga Bulaƙud Dakrur da Ardul Liwa. A nan talakawa suka sayi tasu karsanar. Manomi zai yanka gonarsa ya sayar da awon ƙirat, wanda yake murabba'in mita 175, bai ma kai hamsin da hamsin ɗinmu na Kano ba, wanda ya ɗan haura murabba'in mita 230. Ƙirat 24 ne ke yin fadan ɗaya. Wani rabin ƙirat ma yake iya saye. Kuɗin kuwa daga adashi ne, wanda su suke kira jam'iyya, da gwal ɗin uwargida da aka kai kasuwa, da abin da ɗan uwa ya turo daga Saudiyya, wani lokaci kuma manomin ya yarda a biya shi kashi-kashi. A gina hawa ɗaya a tare, a bar rodi tsaye a kan rufi yana jiran kwasar adashi ta gaba. Ɗa ya isa aure a ɗora masa hawa na biyu. Dokar 1983 ta hana gini a kan ƙasar noma, an ƙara tsaurara hukunci a 1996, amma gini bai tsaya ba. Masanin birane David Sims, a littafinsa kan Alƙahira na 2010, ya ƙiyasta cewa kusan kashi biyu cikin uku na mazauna birnin a irin waɗannan unguwanni suke. Mu a Kano awon igiya muke ce masa, kuma duk wanda ya san lungunan da mota ba ta shiga a bayan gari ya san hoton.

Su ma kuɗinsu mai haƙuri ne, adashi ba ya haihuwar ruwa. Abin da suka rasa shi ne makiyayi. Babu wanda ya zana musu titi, sai lungu mai faɗin taku kaɗan da rana ba ta leƙawa. Ruwa da magudanar ƙazanta sun zo ne bayan shekaru ana kai gwauro ana kai mari. Takarda kuwa sai da dokar sulhu ta 2019 ta fito, aka ce kowa ya zo ya biya tara a halatta masa gininsa, mutum fiye da miliyan biyu da rabi suka shigar da buƙata a faɗin ƙasar. Wato abincin karsanar da ba a biya tun farko ba, an biya shi daga baya, har da ƙari.

To ina banki a wannan zance? Masar ta yi dokar jinginar gida a 2001, mai lamba 148. A 2014 babban bankin ƙasar ya fito da shirin rance mai sauƙi, kashi 7 cikin 100 ga masu ƙaramin ƙarfi, 8 ga matsakaita. A 2021 aka sauko da shi kashi 3, a biya cikin shekaru har 30. Amma wannan rangwame na gidan da aka gama ne, wanda za a iya tarewa a ciki. Haka a Najeriya: asusun gidaje na ƙasa da aka kafa a 1992, wanda ake cire wa ma'aikaci kashi 2.5 na albashinsa, yana ba da rance a kan kashi 6, amma don a sayi gida ko a gina ko a gyara. Mutane kan ga wannan kamar mugunta. Ni ban ga laifin bankin ba. Idan ka ranta wa mutum kuɗin saniyar tatsa, nono zai taya shi biya. Idan ka ranta masa kuɗin karsana, daga albashinsa zai biya ka, daga albashin zai ciyar da ita, daga albashin kuma zai ci gaba da biyan hayar gidan da yake ciki. Wuya ɗaya, igiya uku. In ya gaza, bankin ya karɓi fegin da babu tabbacin zai sayu da wuri.

Mai nacin sai ya ci bashin kasuwa ya sayi fili, ya ɗauki alƙalami ya yi lissafi. A watan Maris na 2024 babban bankin Masar ya kai kuɗin ruwansa kashi 27.25. Na Najeriya ya kai 27.5 kafin ƙarshen 2024. Bankunan kasuwa kuwa a lokacin sama da haka suke ba da rance. Ko a kan kashi 28 ne, wanda ya ranci miliyan goma zai biya miliyan biyu da dubu ɗari takwas a shekara, ruwa kawai, uwar kuɗi tana nan ba ta motsa ba. Sai filin ya riƙa ƙara fiye da kwata na kuɗinsa duk shekara kafin a ce an tashi canjaras. Wannan kafin a zo maganar riba da hukuncinta a addini, wadda ita kaɗai ta ishi yawancinmu dalili. Bankunan Musulunci, irin Faisal da ya fara aiki a Masar a 1979 ko Jaiz da ya buɗe a 2012, suna da hanyar murabaha: banki ya saya, ya sayar maka da ribar da aka yanke tun farko, ka biya kashi-kashi. Alfanunta shi ne adadin ba ya canzawa a tsakiyar tafiya. Amma ribar da za a yanke ɗin ma tana kallon tsadar kuɗi a kasuwa, kuma karsana dai karsana ce, sunan yarjejeniya ba ya sa ta kawo nono.

Akwai dai wani gefe da ya kamata a faɗa, don kada a ce na yi son kai. Kuɗin da aka ajiye ana jira ya cika, shi ma narkewa yake. Kafin Nuwamban 2016 dala ɗaya fam 8.8 ce a Masar, bayan an saki fam ta koma wajen 18. A farkon 2022 tana 15.7, a Maris na 2024 ta doshi 50. Hauhawar farashi ta kai kashi 38 a Satumban 2023. Naira ma ta sha irin wannan: daga wajen 460 a farashin gwamnati a Mayun 2023 zuwa kusan 1,500 a 2024. Wanda ya sayi fili a 2021 a kan biya kashi-kashi da adadi tsayayye, kuɗin ƙasa, ya wayi gari sauran bashinsa ya yi sauƙi, filin kuma ya tashi. Wanda ya ce sai ya tara duka ya biya lakadan, yana tarawa farashi yana gudu. Shi ya sa Misrawa suka rungumi sayen gida da fili a hannun kamfanoni da biyan shekara bakwai, takwas, har goma. Ashe ba kowane bashi ne abin tsoro ba. Wanda mai sayarwa ya ɗaga maka ƙafa a kansa, aka rubuta adadi aka rufe, daban yake da wanda ke ƙaruwa kana barci. Sharaɗi ɗaya ne: kada a ɗaura shi da dala alhali da fam ko naira ake biyanka albashi. Gwamnatin Masar tana da shirin Baitul Waɗan tun 2012, inda take sayar da filaye da dala, amma ga 'yan ƙasar mazauna waje, waɗanda da ma dalar ko riyal suke samu.

Jikokin injiniyoyin nan, idan suna son fili yanzu, hamada suke fita, garuruwan 6 ga Oktoba da Shaikh Zayid, inda Hukumar Sababbin Garuruwa da aka kafa a 1979 ke raba filaye, sau da yawa ta hanyar ƙuri'a. Tsarin da aka saba gani shi ne a biya kwata a farko, saura a raba shi cikin shekara uku. Sai dai akwai wa'adin gini, wanda ya wuce shi bai gina ba ana iya ƙwace filin. Wata doka ta 1996 ma ta sharɗanta wa baƙon da ya sayi fili a Masar ya fara gini cikin shekara biyar, abin da duk Bahaushen da ke sha'awar mallakar ƙasa a can ya kamata ya sani. Na ga hikimar wannan wa'adi. Fegin da aka bari shekara ashirin babu gini, bola yake zama, maƙwabta su yi ta fama da sauro, hanya ta ƙi zuwa saboda rabin unguwa kango ne. Mai karsana ɗaya da ya ƙi kai ta barbara yana jawo wa garke duka asara.

Abincin fili a wurinmu sananne ne: la'adar dillali, kuɗin awo, kuɗin shaida, katanga ko aƙalla harsashi da tubali a kusurwa huɗu, kuɗin ƙasa na shekara idan mai takardar gwamnati ne, da ɗan abin da ake ba wanda ke leƙa maka shi. Wanda ya kashe kuɗinsa kaf a ranar ciniki bai bar na wannan ba, shi ne ake kira bayan shekara uku a ce ya zo, wani yana zuba yashi a wurinsa.

Takarda kuwa ita ce rasidin kara. Babu mai hankalin da zai ja saniya daga kasuwa ba tare da shaidar cewa ba ta sata ba ce. A Masar jami'an gwamnati da kansu sun sha faɗin cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na gidaje da filayen ƙasar ba su da rajista. Mutane suna riƙe da yarjejeniyar farko tsakanin mai saye da mai sayarwa, wani ya kai ta kotu a tabbatar da sa hannu, abin da ba ya tabbatar da mallaka. An yi gyaran doka a 2022 don sauƙaƙa rajistar. Mu kuma dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar birane a hannun gwamna, sayar da fili mai takardar mallaka yana buƙatar amincewarsa, yana kuma da ikon soke mallaka don amfanin jama'a. Shaidar mai unguwa tana da amfaninta, don shi ya san tarihin gonar da magadanta, amma banki ba ya karɓarta jingina. Ko mai takarda ma bai tsira daga sauyin manufa ba. A Mayun 2020 Masar ta dakatar da ba da izinin gini na wata shida a Alƙahira da Iskandariyya da manyan birane. Wanda ya ci bashi a lokacin yana shirin tona harsashi, biya ya ci gaba da yi, fili yana kwance.

Abin da nake ganin za mu iya ɗauka daga Muhandisin ba ya buƙatar sabuwar doka. Ƙungiyoyin gama kai na ma'aikata muna da su a jami'o'i da asibitoci da ma'aikatu, wasu ma suna sayen gona su yanka wa mambobi ana cira daga albashi. Inda ake yawan faɗuwa shi ne a raba fulotai kafin a samu amincewar hukumar tsara birane, a ƙuntata titi don a ƙara fuloti biyu, a manta da wurin makaranta da magudanar ruwa. Idan ƙungiya ta ɗora ɗan ƙari a kan kowane mamba tun farko, ta ware shi don share hanya da rijiyar burtsatse da takarda guda ta gaba ɗaya, fulotin zai fi tsada a ranar saye, amma za a iya gina shi a shekara ta biyu maimakon ta goma.

Ba da kiwon fili ma ya dace da mu, musamman magadan da suka gaji babban fegi a cikin gari ba su da kuɗin gini, suka ƙare da sayarwa kowa ya kama gabansa. Sai dai a rubuta komai kafin a sauke tipar yashi ta farko: wa'adin gama aiki, irin rodi da simintin da za a sa, wane hawa ne na wa, wane shago ne na wa, me zai faru idan ɗan kwangila ya tsaya a hawa na biyu, da tarar kowane wata na jinkiri. Takardar filin kuma ta zauna da sunan masu shi har ranar da aka miƙa musu makullan rabonsu, kada a bar ɗan kwangila ya kai ta banki jingina.